Yadda na canza tiyon numfashin injin Golf mai turbo

Motata Golf 4 ce mai inji 1.8 da turbo, 'yar Kwatano, ta haura shekara ashirin da ƙerawa. A tsakiyar hunturun bana ta tsiro da wani sabon hali. In tana kan gudu ba ta da laifi, tana ja yadda ta saba, amma da na tsaya a danja sai allurar silo ta shiga hawa da sauka, inji na karkarwa, wani lokaci har ya yi kamar zai ɗauke. A da silonta daram yake kusa da 800. Daga baya warin ƙonannen baƙin mai ya fara shigowa cikin mota, musamman a cunkoson 'Yankura a Kano da yamma, sai kuma fitilar cek ta kama ta ƙi mutuwa.

Wanda na fara nuna wa ya zare babban tiyon da ke shiga turbo, ya zura yatsa, ya fito da shi da maiƙo, ya ce, "Yallaɓai, turbo ya tafi." Na biyun ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce ringi ne, sai an sauke inji. Ban yi wa kowa gardama ba, amma maganar ba ta kwanta mini ba. Motar da ringinta ya cinye tana hayaƙi shuɗi ta salansa, tana shan baƙin mai a bayyane, ƙarfinta kuma yana ja da baya. Tawa babu ko ɗaya a ciki.

Sai na kai ta aka sa mata kwamfuta. Lamba ɗaya ta fito, 17544, wadda wasu na'urorin ke nunawa da P1136. Abin da take nufi shi ne a silo iska ta rinjayi fetur, har ƙwaƙwalwar motar ta ƙure ƙarin man da take iya yi don ta daidaita. Na roƙi mai na'urar ya buɗe mini rukuni na 032, inda motocin Volkswagen na wancan zamanin ke nuna gyaran da suke yi wa awon fetur. Gida biyu ne a wurin, na farko na silo, na biyu na lokacin tafiya. Na farkon ya yi sama sosai, na biyun yana nan kusa da sifili. Daga nan na san inda zan dosa. Duk iskar da injin zai shaƙa ana auna ta ne a iyafulo, nan bayan akwatin filtar iska, da wannan awon kuma ake lissafa fetur. Tunda a silo kaɗai lissafin ya ɓaci, to akwai iskar da ke shigowa ta ɓarauniyar hanya bayan an wuce ma'aunin, a wurin da zuƙa ta fi ƙarfi idan ƙafa ba ta kan totur.

A gida na nemi ɓular. Na yanki tiyo mai tsabta kamar kamu biyu, na kafa baki ɗaya a kunne, ɗayan ina yawo da shi a jikin inji yana silo. Ta sama shiru, ta baya shiru, amma da na zura shi tsakanin ƙafafun manifol, wato bututun da ke raba wa inji iska, ta gaba sai na ji wani siririn fito, "tsiii", ba ya yankewa. Ido ba ya kaiwa wurin, don haka na kashe mota, na kunna fitilar waya, na danna bidiyo, na zura hannu da ita. Abin da ta ɗauko ya wadatar. Wani baƙin bututun roba ne mai gwiwa da ya taso daga mazaunin filtar mai, ya tsage a daidai gindinsa, kewayensa ya yi dumu-dumu da maiƙo, ƙura ta bi ta manne.

A ido bututun bai kai a kula shi ba, shi ya sa ake raina shi. Kowane inji, komai sabuntarsa, idan fetur ya ƙone a saman fistin, wani kaso na iskar yakan kufce ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda karanshaf ke juyawa. Iskar nan ba mai tsabta ba ce, akwai tururin ruwa a ciki, da ɗanyen fetur, da hazon baƙin mai da ta kwaso. In aka kulle ta za ta taru ta yi matsi, ta nemi mafita ta inda ya fi rauni, wato sil da gaskit. In ta daɗe a ciki kuma ruwan da fetur ɗin su gurɓata mai ya zama dagwalo. Motocin da can bututu kawai ake saukar musu ƙasa su fesar a titi, sai a farkon shekarun 1960 aka fara tilasta mayar da ita cikin inji ta ƙone, jihar Kalifoniya ta Amurka ce kan gaba.

A injin da ba shi da turbo abin da sauƙi, don kusan kullum manifol zuƙa yake yi, bawul guda ya isa. Mai turbo kuwa hali biyu gare shi. A silo, ko in ka ɗaga ƙafa, manifol na zuƙa. Da ka taka, turbo ya cika, sai al'amari ya juye, manifol ɗin nan dai ya koma hurawa da matsin da ya haura rabin bar. Saboda haka aka yi wa numfashin hanya biyu. Bututun da ya taso daga bulok yana shiga wata mahaɗar roba mai baki uku. Baki ɗaya na ɗauke da ɗan ƙaramin bawul mai hanya ɗaya da ke kaiwa manifol, shi ke aiki a silo, ya rufe ruf da zarar matsi ya zo. Ɗaya bakin ya haura sama, ya haɗu da tiyon da ya fito daga murfin tof, wato murfin kan inji, su bi ta wani baƙin bawul zagayayye mai faifan roba a ciki, su faɗa babban tiyon da ke gaban turbo. Ta nan iskar ke bi idan mota na ja. Asalin maiƙon da aka nuna mini a yatsa ke nan. Ɗan damshin mai a wurin ba komai ba ne, abin tsoro shi ne a tarar ya kwanta da yawa, ko fankar turbo na gogar jikin gidanta.

To ka ga abin da tsagar ta jawo. A silo manifol na jan iskar waje ta cikinta, iskar da iyafulo bai san da zamanta ba, a kan gudu kuma tururin mai na fesowa ya wanke gaban inji. Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ƙura ce. Iskar da ke bi ta tsagar ba ta ratsa kowace filta ba, ga shi gari ya rufe da hazo.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakanike da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan Peugeot 504, yanzu ya ajiye sifana sai zaman majalisa. Na nuna masa bidiyon. Ya ce, "Ɗana, wannan ai ba abin kashe kuɗi ba ne. Samu robar taya ka naɗe shi, ko ka cusa tsohon fulogi a bakin ka ɗaure da waya." Na ce, "Baba, waɗannan na yanzu ai lissafin iska suke yi. In na toshe kuma ta ina za ta fita?" Ya yi dariya ya ce mu da motocinmu masu ƙwaƙwalwa sai Allah. Ban ga laifinsa ba, a motar kafireto in tiyon nan ya cire galibi ƙazanta kawai za ka gani. Amma toshe shi a kan mai turbo gyaran gangar Auzinawa ne. Silo na iya daidaita a ranar, mai mota ya tafi yana godiya, an bar tiyon murfin tof shi kaɗai da aikin biyu, shi ma tsoho. In ya gaza sai matsin ya fara tunkuɗo gejin baƙin mai, ya huda sil ɗin karanshaf, ya hana man da ya gama zagaya turbo gangarowa, domin da nauyinsa kawai yake komawa kwano. Man da ya rasa hanyar komawa yakan bi ta salansa ya zama hayaƙi, a yanke wa turbo hukunci alhali lafiyarsa ƙalau.

Kafin in shiga kasuwa na tabbatar da lambar inji, domin 1.8 mai turbo iri-iri ne. An sa shi a Golf da Bora da Sharan da Passat da Audi A3 da A4 da TT, a Passat da A4 a miƙe aka ɗora shi, a Golf a gicciye, tiyoyin numfashinsu kuma ba ɗaya ba ne. Haruffa uku ne, suna jikin takardar da ke manne a murfin taimin bel, akwai kuma wata takardar a but kusa da safayar taya. Tawa AUM ce, mai ƙarfin doki 150.

A kasuwar Ƙofar Ruwa wanda na fara tsayawa wurinsa ya ce, "Alhaji, akwai Beljiyam, orijina, yanzu za a ciro maka daga jikin inji." A kayan ƙarfe ni mutumin Beljiyam ne, amma ban da roba. Bututun da za a ciro daga injin da ya zo a kwantena sa'an nawa ne, zafin da ya gasa wannan shi ya gasa wancan. Sabo na nema, sabon ma hawa-hawa ne, na ɗauki mai kauri wanda bakinsa ya fita sumul, tunda araha ba ta ado. Na haɗa da zoben robarsa na hana yoyo, da mahaɗa mai baki uku, da ƙaramin bawul, da gaskit ɗin manifol, da kilif masu noti, da kuma bututun geji mai ruwan lemo, wanda duk mai aiki a gaban wannan injin ya san ba kasafai yake tsira ba. Wani a shagon ya ce in yanki tiyon lagireto in yi dabara. Robar tiyon ruwa ba ta shiri da mai, takan kumbura ta yi laushi har zuƙa ta manne ta.

Ranar Asabar da hantsi muka fara, ni da ƙanina, motar ta kwana ba a tayar ba. Na cire kan batir na nagetif, saboda fankar lagireto na dab da inda hannu zai shiga, ga wayar wutar altaneta a ƙarƙashin manifol tana jiran sifana ta taɓa ta. Mai rediyon kamfani ya tabbatar yana da lambobin buɗe shi kafin ya yi haka. Murafen roba na saman inji suka fita nan da nan. Sai na ɗora ƙanina a kan ɗaukar hoto. Kowane siririn tiyo, kafin a zare shi, sai an ɗauke shi, an naɗa masa farin salatif an rubuta lamba, an rubuta irinta a inda ya fito. Ya ce, "Yaya, duk wannan na mene ne? Ai za mu tuna." Na ce ya riƙe maganar sai la'asar.

A gaban manifol ta ƙasa akwai wani farantin ƙarfe da aka jera wa ƙananan bawul na lantarki da tarin siraran tiyoyi. Ba sai an wargaza shi ba, notunansa na kwance, na zare soket, na kwantar da shi gefe da kayansa. Bututun geji kuwa ina kama shi ya rabu biyu a hannuna. Na tsince guntayen da suka maƙale a bakin bututun ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, na toshe bakin da tsumma.

Masu siririn hannu da suka saba sukan canza bututun numfashin ba tare da sun sauke manifol ba, da lalube da madubi. Da a tsakiya nawa ya tsage da na gwada. Amma a gindi ya karye, ke nan wani sashensa na cikin rami, ramin kuma kai tsaye cikin inji ya nufa, irin wannan ba na yin sa a makance. Na sassauta babban tiyon gidan totur, na zare soket ɗinsa da na na'urar auna zafin iska, na cire tiyoyin zuƙa na jikin manifol. Sandar nozul masu fesa fetur noti biyu ke riƙe da ita. Na hure ƙurar gindin nozul tukuna, sannan na ɗago sandar gaba ɗaya a hankali, ban taɓa tiyoyin fetur ba, na kwantar da ita a kan tsumma. Sai ƙarfen da ya tokare manifol ta ƙasa, sai notunan da suka haɗa shi da tof, na alanki lamba 5 da na sifana lamba 10. A tabbatar alanki ya shige har ƙarshe kafin a murɗa, in ba haka ba kan notin ya cinye a shiga wani aikin daban. Manifol na fita, kafin komai, na cusa tsumma mai tsabta a ramuka huɗun da suka buɗe a jikin tof.

Sai ga komai a fili. Wani kilif na ƙarfe mai siffar U ne ke riƙe da bututun a raminsa. Na zare shi da bakin sukudireba, yatsana a kansa don kada ya yi tsalle, na jefa shi aljihu. Ina ɗaga bututun sai saman ya taho, gindin ya zauna a ciki, zobe na busasshiyar roba, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, ya manne da bangon ramin. Na matsa gefen wanda ke hannuna don in ji ƙarfinsa, ya ruguje kamar ƙanzo. Aikin shekara ashirin na zafi da tururin mai ke nan, ba laifin kowa ba ne.

Wannan zoben shi ne ainihin aikin ranar. Duk ɓarɓashin da ya faɗa ramin zai gangara kwanon mai, ya je ya tsaya a rariyar famfo, ita kuwa in ta toshe, inji da turbo ne ke rasa mai. Na yanki tsumma marar zare-zare, na ɗaure shi da igiya mai ƙwari, na shafe shi da giris, na tura shi ta tsakiyar zoben har ya wuce ƙasansa ya toshe ramin, bakin igiyar na waje a hannun ƙanina. Sannan na lanƙwasa kan wayar ƙafar keke ta zama ƙugiya. Ba a ɓamɓare shi da sukudireba ta gefe, domin mazaunin alminiyam ne, in aka karce inda zoben hana yoyo zai zauna to an sayi yoyon da ba ya ƙarewa. Ƙugiyar nake sawa a ƙarƙashin leɓen zoben in ɗan ja sama, in gusa kaɗan in sake ja, ina zagayawa, ƙanina na haska mini da tocila. Ya motsa, ya tsage, ya fara fitowa gutsure-gutsure. Kowane guntu na ɗauko da dogon filaya sai in ajiye shi a kan farar takarda, ina jera su yadda suke a da. Da muka ga kamar an gama sai muka duba jerin, zoben bai haɗe ba, akwai giɓi kamar faɗin farce. Muka koma da haske. Ga shi can kwance a kan tsumman, giris ya riƙe shi. Na ɗauko shi na sa a gurbinsa, zobe ya cika, sannan na ce wa ƙanina ya jawo igiyar sannu a hankali. Tsumman ya fito da ɗigo-ɗigon baƙin gari a jikinsa, wanda da duk ciki zai tafi. Tsohon zoben hana yoyo ya biyo baya, ya baje ya yi tauri. Na goge ramin har ya yi ƙyalli, na wanke gaban bulok da kananzir.

Tunda wuri ya buɗe, sai na bi sauran 'yan layin. Mahaɗa mai baki uku ta kumbura ta yi laushi, yatsa na nutsewa a jikinta. Kilif ɗin kamfani masu kunne ne, ba a kwance su, sai dai a datse kunnen, dalilin sayo masu noti ke nan. Ƙaramin bawul ɗin na goge shi na hura da baki. Daga ɓangaren bulok iska ta wuce, daidai ne. Na juya na hura daga ɓangaren manifol, nan ma ta wuce. Ashe shi ma ya daɗe da yin sallama. Ke nan duk lokacin da na taka mota wani kaso na matsin turbo na bi ta nan ya shiga bulok, kuma ina kyautata zaton shi ya ƙarasa tsohon bututun. Da bututun kaɗai na canza, da sabon ya gaji wahalar. Sabon bawul ɗin ma sai da na hura shi kafin in ɗaura, don in san lafiyarsa da kuma inda zai fuskanta. In aka juya shi, a silo zai rufe, a kan gudu ya buɗe, gara ma a ce ba a taɓa motar ba.

Baƙin bawul mai faifai na can baya wajen turbo na ciro na wanke, faifansa bai yage ba, na mayar. Akwai kuma wani ɗan bututun roba mai rassa a ƙarƙashin manifol da ke taimaka wa birki samun zuƙa, yakan buɗe a mahaɗinsa, nawa lafiya lau, na ƙyale shi.

Sababbin na jera su a ƙasa kusa da tsofaffin, na harhaɗa a sake ban ɗaure kilif ba. Na shafa wa sabon zoben ɗan baƙin mai, na danna bututun cikin rami a miƙe har ya zauna, kilif ɗin ƙarfe ya shige gurbinsa ba da dole ba. In ka ga sai ka buga shi, to bututun bai kai ƙasa ba. Sai da kowane tiyo ya samu kwanciyarsa, babu murɗewa babu gogar ƙarfe, sannan na bi kilif na ɗaure, ina juya kawunansu inda sukudireba zai kai bayan manifol ya koma. Na zare tsummokaran tof na ƙirga huɗu, na goge fuskar, na sa sabon gaskit. Notunan manifol 10 Nm kacal suke so a ma'aunin ƙarfin ɗauri, daga tsakiya ake farawa a fita gefe-gefe. Ɗauri ne marar yawa, wanda ya zo masa da hannun ɗaure taya zai tsinke zaren da ke jikin tof. Na shafa wa zobban nozul mai na mayar da sandar. Da aka zo kan siraran tiyoyi ƙanina bai ce uffan ba, wayar kawai ya miƙo mini.

Kafin in tayar na juye baƙin mai na canza filta, ko da yake lokacinsa bai yi ba. Injin ya kwana biyu yana shaƙar ƙura, ga garin robar da ba za a rasa ba. Kusan lita 4.5 yake ci har da filta, 5W-40 mai shaidar VW 502 00 nake zuba masa. Na mayar da batir, na kunna wuta na bar ta ɗan lokaci ban tayar ba, gidan totur na 'yar ƙararsa. Ta tashi ba gardama, ta yi ɗan tangal-tangal, ta zauna. Na leƙa gindin nozul babu ɗigon fetur, na ɗauko tiyon kunne na zura, shiru, na taka birki na ji shi yadda na san shi. Sai gwajin murfin mai. Inji na silo na kwance murfin da ake zuba baƙin mai, na ji yana ɗan riƙewa, silo ya ɗan canza, na mayar ya koma daidai. Haka ake so. In murfin na tsalle yana huci, matsi ya yi yawa a ciki. In kuma ya manne sai an sa ƙarfi, zuƙa ce ta wuce kima, a koma kan bawul.

Ranar Litinin na koma wurin mai kwamfuta ya goge lambar, hakan ya share tsohon lissafin fetur da motar ta haddace, ya kuma daidaita totur a rukuni na 060. Na hau titin Zariya har Kwanar Dawaki ina taka ta sosai don turbo ya cika, na dawo cikin gari na bar ta ta sha cunkoso. Da muka sake buɗe 032, gidan farko ya sauko dab da sifili ya tsaya, fitilar cek ba ta dawo ba, warin ma ya tafi bayan sauran maiƙon ya gama ƙonewa.

Saura tiyo mai reshe na murfin tof, ya fara laushi a gwiwarsa, kuma ban samu sabo mai kyau ba a ranar da na shiga kasuwa. Shi a sama yake, ba ya bukatar a sauke komai, na ba da saƙo a taho mini da shi daga kasuwar Ladipo a Legas.